Abin da Nake Zuba wa Baba a Shayi

Kwana tara ban rubuta muku komai ba, kuma na ga saƙonninku. Wata ta ce ko Dogo ne ya gudu da ni, wata ta ce jan aji nake yi muku. Ina ma ɗaya daga ciki ne. Gajiya ce kawai, irin wadda za ka kwanta da ita, ka farka ka tarar tana nan ba ta je ko'ina ba. Yanzu haka a kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan, da kayan jiya a jikina, kuma yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewayewa, tunda ya riga ya fita daga hannuna.

Ga waɗanda yanzu suka shigo: ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na rage a gaban iyayena. Babana tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne manne da gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin gida. Dogo kuwa shi ne mai nemana. A ɗakin ba da magani na wani asibiti yake aiki, kuma tsawonsa ne ya ja masa sunan, don in zai shiga shagon Baba sai ya sunkuya kamar mai neman gafara. Jibi Asabar aka sa yayarsa da kawunsa za su zo su ga iyayena.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, Babana yana shan giya.

Sau uku na rubuta layin nan ina gogewa. A gidanmu ba a kiran sunanta. Mama "abin nan" take cewa, Gwaggo kuma, yayar Baba, ta ce "jarabar nan". Tun ina firamare na san kwalbar tana cikin buhun ƙyallaye, a ƙarƙashin teburin yanka. Baba ba mai tangaɗi a titi ba ne, ba ya zagi, ba ya duka. Shiru yake sha, shiru yake ɗinkinsa. Shi ya sa muka iya rufe shi shekara da shekaru, har muka ƙware, har wani lokaci mu kanmu mukan yarda da ƙaryarmu.

Kullum ƙarfe bakwai na safe aikina biyu kafin in wuce ofis: in kai masa shayi, in zura masa zare. Da safe hannunsa rawa yake yi, ba ya iya samun kafar allura. Sai in zura masa ta keken, sannan in jera masa allurar hannu guda shida a jikin ɗan matashin da yake soke su, baƙin zare biyu, fari biyu, sauran biyun ya danganta da aikin ranar. Shi kuma yana kurɓar shayi yana cewa, "Auta, idonki ya fi na mujiya." Tun ina ƙarama nake gaya masa wannan ba yabo ba ne, ya ƙi ji.

Wata takwas da suka wuce cikinsa ya fara tasowa, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Muka je asibiti ni da shi da Mama. Likitar wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Bayan gwaje-gwaje ta ce hantarsa ta yi tabo, ta fara taurara. Sai ta dube shi ta ce, "Baba, kana shan giya?"

Kafin ya buɗe baki Mama ta dafe ƙirji. "Subhanallahi, likita! Wannan bawan Allah? Ko warinta bai sani ba."

Likitar ta juyo ta kalle ni. Ni kuma na samu wata kalanda a bango na ƙura mata ido kamar za a yi min jarrabawa a kanta. Likitar ta yi rubutu, sannan ta ce, "To. Ko da wasa kada ya kusance ta." Baba ya yi sati uku bai taɓa ba. A na huɗu na ɗaga buhun ƙyallaye zan share, na ji ya yi nauyi.

Da aka tsayar da maganar zuwan mutanen Dogo, hankalin Mama ya tashi. Tsoronta ɗaya, kada su zauna kusa da Baba su ji wari. Ana cikin haka Gwaggo ta zo da ƙatuwar jakarta, wadda in ka nemi turmi ma za ka samu a ciki. Ta rufe ƙofar ɗakin Mama, ta zaro wasu katunan ƙwayoyi ba kwali ba takarda, ta ajiye a kan gado.

"Da wannan maƙwabciyata ta raba mijinta da jarabar nan," in ji ta. "Ɗaya kullum, a niƙa a zuba masa, kada ya sani. Duk ranar da ya kurɓa sai ya ga mutuwa da idonsa. Sau biyu zai gwada ya haƙura."

Na ce, "Gwaggo, ba za a tambayi likita ba? Ga hantarsa."

"A tambayi likita a ce mata me? A ce mata ƙarya uwarki ta yi mata? Ko saurayin naki za ki tambaya, ya je ya faɗa wa danginsa 'yar mashayi zai kwaso musu?"

Mama ba ta ɗago ba, tana ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Auta ce za ta riƙa ba shi. Daga hannunta ba ya tambaya."

Ku zage ni, na yarda. Na karɓa. Kullum da safe sai in sa ƙwayar tsakanin cokula biyu in murƙushe, in zuba a kofinsa mai tsagaggen hannu, in ƙara sukari, in juya har hannuna ya gaji. In kai masa, in zura masa zare, in tafi ofis ina buga takardun mutane kamar ba abin da na yi.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ne ya ruɗe mu. Rana ta huɗu da yamma muka ji kakarin amai daga shago. Na tarar da shi a durƙushe, fuskarsa ta yi jawur, gumi ya jiƙa masa riga, yana riƙe da ƙirji yana cewa zuciyarsa za ta fito. Na leƙa kicin neman ruwa na ga Mama tana hawaye tana faɗin alhamdulillahi. Sau biyu ya ƙara gwadawa, daga nan buhun ƙyallaye ya daina nauyi. Gwaggo ta riƙa bugo waya kullum tana karɓar godiya.

Sai dai Baba bai warware ba. Ya daina cin abinci, loma biyu ya ture kwano. Ya riƙa susa har fatar hannunsa ta yi sawu-sawu. Da rana tsaka sai in dawo in tarar ya kifa kai a kan keke yana barci. Na yi wa Mama magana, ta ce, "Dattin shekara ashirin ne ke fita, ki bar shi." Na bar shi, don ni ma abin da nake so in ji ke nan.

Sati biyu da suka wuce Dogo ya kawo yadi, ruwan toka mai siririn layi shuɗi. Ya ce rigar da zai sa ranar Asabar hannun Baba yake so ta fito. Sai da Baba ya taka kujera kafin ya auna masa kafaɗa, yana cewa, "Kai yaro, wannan ai kuɗin mutum biyu za ka biya." Dogo ya yi dariya, amma na ga ya ɗan tsaya yana kallon fuskar Baba. Da na raka shi waje ya tambaye ni jikin Baba. Na ce da sauƙi, ciwon hantar nan ne da na faɗa masa, kuma yana ganin likitarsa. Rabin gaskiya na iya ba shi, kamar kullum.

Jiya Laraba na shiga shago da shayi, na buɗe taga. Hasken ya faɗa a fuskar Baba, sai na ga farin idonsa ya koma rawaya sosai, ba irin na da ba. A kan tebur kuma ga rigar Dogo a shimfiɗe, ya yanka hannun dama sau biyu, babu na hagu. Mutumin da ya shekara arba'in yana yanka ba ya ko duba ma'auni sau biyu. Yana tsaye yana kallon guntayen biyu kamar wani ne ya shigo ya yi masa ɓarna.

Ya riga ya shanye shayin. Da ya fita bayan gida, na zaro katin ƙwayar daga aljihun siket ɗina, na ajiye a kan tebur, na ɗauki hotonsa da sauri, na mayar. Sai da na isa ofis na zauna sannan na samu ƙarfin rubuta wa Dogo.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Ta wata ƙawata ce."

"Ƙawar nan ta fi ni sa'a," ya rubuto. "Ita ake tunawa da sassafe."

"Babanta yana da ciwon hanta, kuma yana shan giya. Suna zuba masa wannan a abinci bai sani ba, don ya daina. Akwai matsala?" Na tura hoton.

Ko minti ɗaya ba a yi ba: "Su daina yau. Ba gobe ba."

Sai ga saƙon murya. Na sa a kunne na juya wa abokiyar aikina baya. Muryarsa ta aiki ce, babu wasa a ciki. Ya ce wannan maganin ba a ba mai ciwon hanta, don shi kansa yana iya ƙona hantar mai lafiya, balle wadda ta riga ta yi tabo. Ya ce ba a ba kowa shi a ɓoye, don in mutum ya sha giya a kansa bai sani ba, zuciya na iya tsayawa. Ya ce in idonsa ya yi rawaya, ko yana yawan barci, ko ya fara rikicewa, a kai shi asibiti yanzu.

Na rubuta, "To mai irin wannan ciwon ba shi da magani ke nan?"

"Yana da shi mana. Akwai wanda ta ƙoda yake fita, ba ya wahalar da hanta, sai dai a duba ƙodar tukuna. Akwai wani da ake farawa da kaɗan-kaɗan ana lura da mutum, don yana sa barci. Rage kwaɗayin giyar suke yi, ba azabtar da mutum ba. Amma likita ne zai zaɓa, kuma sai an faɗa masa gaskiya. Ki ce wa ƙawarki kunya ba ta kai ran mahaifinta ba."

Na rubuta "To, na gode." Ban kai ga turawa ba na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa. Sannan kalma uku suka shigo.

"Wannan yadina ne."

Na buɗe hoton na ja shi da yatsu biyu. Ga katin ƙwaya a kwance a kan ruwan toka mai layi shuɗi, ga zanen allin Baba, ga bakin almakashinsa mai jan ƙyalle a hannu. Sati shida ina ɓoye cokula biyu, na zo na ɗauki hoton asirinmu a kan rigar mutumin da nake ɓoye wa.

"Ina kike?"

"Ofis."

"Ki koma gida. Ga ni nan."

Na riga shi isa da minti goma, kuma minti goman nan sun ishi Mama. Tana shanya na faɗa mata Dogo ya gano komai, yana hanya. Ta saki rigar da ke hannunta a ƙasa.

"Kin kashe mu, Auta. Kwana uku ya rage! Kwana uku ba za ki iya riƙe bakinki ba?"

"Mama, idonsa fa."

"Na ga idonsa! Kina tsammani makauniya ce ni? Shekara nawa ina rufa wa mutumin nan asiri don ku yi aure da mutunci? Yayyenki duk a haka suka fita, ba wanda ya ji."

Duk da haka da ta ji sallamar Dogo sai ta goge fuska, ta canza mayafi, ta ce in kawo masa ruwa a kofin baƙi. Dogo ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, bai taɓa ruwan ba, ya nemi izinin ganin Baba. Ya same shi a kujerar shago. Ya ɗaga masa fatar ido, ya ce ya miƙa hannuwansa gaba ya ɗaga tafin, hannuwan suka riƙa faɗuwa suna tashi. Ya tambaye shi yau wace rana, Baba ya ce Lahadi.

"Mama, asibiti za mu tafi yanzu," in ji Dogo.

"Ba dai asibitinku ba," Mama ta faɗa da sauri. Ko a lokacin, abokan aikinsa take tunani.

"Duk inda katinsa na asibiti yake, can za mu." Ya miƙo min hannu ba tare da ya kalle ni ba. "Ba ni sauran."

Na zuba masa katunan a tafi. Ya ƙirga ramukan da babu ƙwaya, ya sa a aljihu.

Likitar nan mai tabarau muka sake samu. Aka kwantar da Baba a gadon bayan labule, aka ɗebi jini, aka sa masa ruwa. Dogo ya ajiye mata katunan a kan tebur. Ta juya su, ta karanta bayan, ta ɗago.

"Wa ya rubuta masa wannan?"

Mama ta kawar da kai.

"To wa ke ba shi? Tun yaushe? Guda nawa? Ina buƙatar sani don in san abin da nake yaƙi da shi."

Mama ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi, irin mintsinin da na sani tun ina yarinya. Kalandar tana nan a bango inda na bar ta, an dai canza wata. Dogo yana tsaye a jikin ƙofa, hannu a harɗe.

"Ni ce," na ce. "Ɗaya kullum, ƙarfe bakwai, a shayi. Yau kwana arba'in da ɗaya. Kuma yana sha, likita. Ya fi shekara ashirin yana sha. Ranar da kika tambaya ƙarya muka yi miki."

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce da an faɗa mata wata takwas da suka wuce, da tun lokacin ta duba ƙodarsa ta ɗora shi a kan maganin da hantarsa za ta iya ɗauka, ta haɗa shi da masu zama da irinsu suna magana. Ta ce ciwo ne, kuma tana ganin irinsa kowane sati, daga gidajen da ba za mu taɓa zata ba. "Amma ba a yi wa mutum magani a bayan idonsa," ta ce. "Kun ba shi abin da bai sani ba."

"Na sani, likita."

Daga bayan labule muryar ta fito. Likitar ta ja labulen. Baba yana kwance, idonsa a rufi, maganarsa a hankali amma a daidai take, kamar ya tattaro duk sauran hankalinsa don ita.

"Tun ranar farko na ga farin gari a gindin kofi. Kuma yarinyar da take tsayawa ta yi min surutu, sai ga shi tana zura zare tana gudu, ba ta kallon idona." Ya numfasa. "Ban san mene ne ba. Na dai san daga hannun Auta ne. Na ce in wannan ne zai sa mutanen nan su zo su tarar da uba a gida, to bari in sha."

Mama ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa ko kukan ban iya ba.

Likitar ta ja kujera ta zauna kusa da kansa. Ta ce za a riƙe shi, a ga yadda hantar za ta yi yanzu da aka tsayar da ƙwayar. In ta lafa, akwai magani, amma da shi za ta yi maganar, ba da mu ba. "Baba, kana so ka daina?"

Baba ya buɗe ido. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ana ɓoye ni, ana yi min addu'a, ana canza wa kwalba wuri. Ke kaɗai kika taɓa tambayata, ranar ma ba a bar ni na amsa ba." Ya juyo da kai wajena. "Ina so. Amma a ba ni a tafin hannuna, in gani."

Dogo ne ya yi ta zirga-zirgar takardu da gwaji har la'asar. Ya yi wa Baba sallama, ya durƙusa wa Mama, ya wuce ta gabana kamar bencin nan ne ni. Ban ga laifinsa ba. Wata takwas yana tambayata jikin Baba, ina kallon idonsa ina cewa da sauƙi, alhali amsar da za ta ceci mahaifina tana bakinsa.

Gwaggo ta bugo sau bakwai, ban ɗauka ba. Da safe na je gida ɗauko wa Baba kaya, na leƙa shago. Allura shida na nan a jere yadda na zura su jiya, ba a taɓa ko ɗaya ba, ga hannun dama guda biyu a kan tebur.

An ce ƙarfe huɗu sakamakon jini na biyu zai fito, shi zai nuna ko hantar ta fara lafawa ko ƙara ci take yi. Yanzu huɗu saura minti biyar. Ina cikin rubuta muku wannan saƙon Dogo ya faɗo a saman waya, na farko tun jiya: "Na faɗa wa Yaya komai." Ga alamar yana rubutu, tana tsayawa tana dawowa.

Ga kuma nas ta leƙo daga ƙofar likita da takarda a hannu, tana tambaya ina 'yar tela.

Bari Dogo ya jira tukuna. Wannan karon ni zan shiga in ji da kunnena, kuma duk abin da aka ce, ni zan faɗa wa Baba, ina kallon idonsa.